Hayar kayan adon biki ta intanet: inda ta yi rana da inda ta gaza

Kamfanin da nake magana a kansa ba ya sayar da ko zobe ɗaya. Aikinsa shi ne bayar da hayar sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, mundaye da adon kai ga amare da mahalarta biki, kuma abin da yake tallata kansa da shi shi ne cewa zai zaɓa wa mutum kayan da suka dace da al'adar masu bikin da irin shigar da aka rubuta a katin gayyata. Mai haya yana cike takardar tambayoyi a shafinsu, inda zai faɗi matsayinsa a bikin, da asalin iyalan ango da amarya, da lokacin taron, da launin tufafinsa da yankan wuyan rigar. Daga nan wata mai ba da shawara za ta turo hotunan abin da ta ga ya dace, a aiko da kayan cikin akwati, a mayar da su bayan biki. Na yi hulɗa da su a matsayin wadda aka gayyata zuwa bukukuwan mutanen da al'adunsu suka bambanta ƙwarai, kuma ra'ayina shi ne shawararsu ta fi kayansu daraja nesa ba kusa ba.

Inda na fi ganin amfaninsu shi ne bikin wani iyali mabiya addinin Hindu. A cikin hotunan shafin na zaɓi wata siririyar sarƙa mai baƙaƙen duwatsu da ɗan gwal a tsakiya, don ta yi daidai da launin rigata, sai mai ba da shawarar ta cire ta daga jerin, ta kuma bayyana mini cewa siffarta ta yi kusa da mangalsutra, wato sarƙar da ango ke ɗaura wa amarya a wuya yayin ɗaurin aure, wadda ke nuna cewa mace tana da miji. Ta ƙara da cewa in guji jera jajaye da fararen awarwaraye a hannu, domin a yankin Punjab wannan jerin na amarya ne, kawunta na wajen uwa ne ke ba ta shi, haka kuma zoben yatsan ƙafa na azurfa alama ce ta matar aure a sassa da dama na Indiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta ce in rage ado ba. Cewa ta yi a irin wannan taro baƙuwar da ta zo da kwalliya kaɗan ita ce za a ga kamar ba ta ɗauki bikin da muhimmanci ba, tunda amaryar kanta al'ada ta tanadar mata nau'in ado har 16, babu mai iya shafe ta.

Abin wuyan da ta zaɓa mini na salon kundan ne, aikin da birnin Jaipur na jihar Rajasthan ya yi suna a kansa, inda ake dasa duwatsu a cikin siririn gwal da aka lanƙwasa a gefensu ba tare da ƙananan faratan riƙo ba. Na juya bayansa na tarar da zanen furanni ja da kore da aka ƙone a jikin ƙarfen, gefen da babu mai gani sai mai sanye da shi. Maimakon ƙugiya, igiyar zare ce a bayansa mai ɗan ƙulli da ake ja sama ko ƙasa, saboda haka yana zama daidai a kowane wuya, kuma wannan dabara ce da ta dace da kayan da ke yawo daga hannu zuwa hannu. Duwatsun gilashi ne, kuma sun faɗi hakan tun farko, wanda na yaba musu.

Ɗan littafin bayani da suke sakawa a cikin akwatin ya taɓo al'adu da yawa, kuma mafi yawan abin da ke ciki daidai ne. Ya yi bayanin mundayen zinare masu zanen dodo da tsuntsun almara da dangi ke sanya wa amarya lokacin shan shayin girmama iyaye a kudancin Sin da Hong Kong, waɗanda galibi na karat 24 ne, ya kuma gargaɗi baƙi da su yi hattara da fari zalla a irin wannan biki domin launin makoki ne. Ya ambaci yadda a Turkiyya baƙi ke maƙala wa amarya sulallan zinare a jikin ƙyallen da ta rataya, da kambin da ake ɗora wa ango da amarya a cocin Girka, da zoben Claddagh na Ayalan mai hannaye biyu riƙe da zuciya. Har ma ya tunatar da cewa hayar adon amarya ba sabon abu ba ne, domin a Maroko akwai matan da sana'arsu ke nan, su zo da kaya da ado su shirya amarya su sauya mata shiga sau da yawa a dare ɗaya.

Sai dai littafin ya yi tuntuɓe a wurin da ban zata ba, wato a kan al'adun Turai. Ya rubuta cewa zoben aure a hannun hagu ake sa shi, kamar dai doka ce ta duniya, alhali a Jamus da Rasha da Poland da Girka hannun dama aka saba. Ya kuma gabatar da zoben baiko na daimon a matsayin gadon da kowa ya taso ya tarar. Gaskiya ne cewa Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy irin wannan zobe a 1477, amma wannan harka ce ta gidajen sarauta, kuma abin bai zama ruwan dare a tsakanin talakawa ba sai da tallace-tallacen kamfanin De Beers mai cinikin daimon suka yi ƙarfi, musamman daga 1947. Kamfanin da jarinsa shi ne sanin al'adu bai kamata ya bar irin wannan a rubuce ba.

A batun ƙa'idar shiga kuwa sun ƙware. Ga bikin dare irin na Turawa da kati ya ce maza su zo da baƙar kwat da ɗaurin wuya, shawararsu ita ce mace ta zaɓi abu ɗaya da zai ja ido, ko dai dogayen 'yan kunne ko abin wuya mai nauyi, kada ta haɗa biyun. Sun hana ni ɗan kambin gashi mai ƙyalli, saboda a can adon kai irin wannan na amarya ne, kamar yadda farar riga ta zama tata tun bayan da Sarauniya Victoria ta yi aure da ita a 1840. Ga bikin rana a bakin teku sun ce a rage ƙarfe, domin gumi da iskar gishiri suna dusashe shi. Sun kuma kula da yankan wuya: riga mai rufaffen wuya ba ta buƙatar sarƙa, a mayar da hankali kan kunne da hannu, wanda ya dace da duk macen da ke yafa mayafi.

Babban aibinsu yana wajen bayyana ƙarfen da aka yi kayan da shi. Kusan komai a shafin an rubuta masa "mai ruwan gwal", ba a faɗi abin da ke ƙarƙashin ruwan ba, kuma wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Kayan kirki suna ɗauke da hatimi: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 925 kuma azurfa ce mai kyau. A Amurka ba a yarda a kira abu vermeil ba sai in azurfa ce aka lulluɓe da gwal mai kaurin aƙalla maikuron 2.5 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na duba bayan wasu 'yan kunne da suka aiko mini ban ga hatimi ko ɗaya ba, ruwan gwal ɗin ma ya fara goge a jikin tsinken da ke shiga huda, kuma kafin a tashi daga taro kunnena ya yi ja yana ƙaiƙayi. Wannan alama ce da aka sani ta ƙarfen nikel, wanda Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan da zai iya fita daga kayan da ke taɓa fata, tare da tsananta ƙa'idar a kan abin da ke shiga huda. Da na rubuta musu sun ba da haƙuri cikin ladabi, amma amsar da suka bayar game da ƙarfen ita ce za su tambayi mai kawo musu kaya. Takardar tambayoyin da ta nemi sanin launin rigata ba ta tambayi ko fatata tana ƙin wani ƙarfe ba.

Sashen maza ma an yi masa riƙon sakainar kashi. Maɓallan hannun riga ne da 'yan agoguna, mafi yawansu launin gwal, kuma babu inda aka tambayi namiji ko addininsa ya yarda ya sa zinare, alhali maza Musulmi azurfa suke sawa.

Sharuɗɗan mayarwa suna buƙatar karatu a tsanake. Ana riƙe kuɗin ajiya, inshorar da ke cikin kuɗin haya kuma ta rufe ƙananan ƙarce ne kawai, ban da ɓata da faɗuwar dutse. Lu'ulu'un teku yana da laushi, turare da man gashi suna kashe masa ƙyalli, kuma suna lissafa wannan a matsayin laifin mai haya, don haka sai a gama fesa turare ya bushe kafin a sa shi. Yana da kyau a ɗauki hoton kowane abu da zarar an buɗe akwatin, a duba ƙugiyoyi, domin wata munduwa ta iso mini da maɗaurinta a sake. Kayan dai suna zuwa kan lokaci kuma a tsabtace, kowanne a cikin jakarsa.

Ga baƙuwar da za ta halarci bikin mutanen da ba ta san al'adarsu ba, ko ƙawayen amarya da ke son ado iri ɗaya na yini guda, ina ganin hidimar ta cancanci a gwada, muddin an nemi bayanin ƙarfen a rubuce kafin a biya. Ga amarya kuwa amfaninta ya tsaya a kan adon kai da manyan abubuwan wuya na ɗaukar hoto. Mangalsutra, da mundayen da dangi ke sanyawa a Sin, da shabka, wato kayan zinaren da ango ke bayarwa a Masar, duk dukiya ce da ke zama mallakin matar bayan an watse, kuma da na tambayi mai ba da shawarar ko suna bayar da hayar irinsu, ta ce ana yawan nema amma suna tura masu tambayar wurin maƙeran zinare.