Jaka mai riƙe sanyi ko kular zafi, ga mai zuwa kemo

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba maigidanki lafiya ya sa kaffara ne. Kin tambaya a me ya fi ki riƙa kai masa abinci asibiti ranar kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗaurawa ta ƙarin ruwa. Tsakanin jakar nan mai soso a ciki da kular ƙarfe, ni dai jakar zan ce ki ɗauka, duka biyun na yi amfani da su lokacin da nake jinyar mahaifiyarmu.

Kular na fara saya kuma na yi da na sani. Tana riƙe zafi kam, in kin fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, iyakarta ke nan. Ranar farko da na buɗe ta a ɗakin ƙarin ruwa, tururin na bugun Mama ta kawar da kai ta ce in rufe, ko cokali ɗaya ba ta kai baki ba, haka muka dawo da abinmu. Ƙamshin abinci mai zafi yana tada zuciyar masu shan kemo sosai, mai sanyi kuwa ba ya tashi haka.

Jakar ce ta fisshe mu wallahi. Da daddare nake sa robar ruwa biyu a firiza su daskare, da safe ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a tsakani in jera ƙananan robobi, yogot, ƙwai da ya dahu sosai, ayaba, tuffa da na wanke na fere, biskit kuma a aljihun waje don kar ya yi sanyi ya lanƙwame. Kin san zaman nan, ga jiran sakamakon jini ga shi kansa ƙarin ruwan, wani lokaci wuni guda ne, kuma mai kemo ba ya iya cin da yawa lokaci ɗaya, sai kaɗan kaɗan duk bayan awa 2 ko 3. Ba na mantawa da ranar da ta miƙa hannun da babu allura ta zuge zif ɗin da kanta, ta ɗauko yogot ta shanye tas, matar da ta kwana biyu sai an lallaɓa ta. Daga ranar ta koma cewa "miƙo min jakata". Ki sa cokalin roba a ciki, don na ƙarfe yana ƙara musu ɗanɗanon ƙarfen nan da suke kuka da shi.

Amma ki gane, jakar ba firij ba ce, sanyin da kika sa mata shi take riƙewa, kar ki sa abu da ɗuminsa. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, yawanci sun fi yin ƙasa kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura, to abincin da ni da ke za mu ci lafiya shi zai iya kwantar da shi. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Celsius, duk abinci mai saurin lalacewa da ya wuce awa 2 babu sanyi ki zubar, in ana tsananin zafi ma awa 1. Kina dawowa ki wanke cikinta da sabulu ki bar ta a buɗe ta bushe.

Ki tambayi nas sunan maganin da ake sa masa. In akwai oxaliplatin a ciki, sanyi yana sa yatsu zugi, maƙogwaro kuma kamar an shaƙe, na 'yan kwanaki bayan ƙarin ruwan. Wannan sai ki riƙa fito masa da abin ya ɗan sha iska kafin ya ci, ruwan shansa a ware daban, kuma kar ya taɓa ƙanƙarar.

Sai masu sayarwa, don Allah ki yi hattara. Wasu leda mai ƙyalli kawai suke liƙawa a ciki babu soso, su rantse miki tana kwana da sanyi. Ki matsa jikinta da yatsu biyu, in kin ji siriri kamar takarda ki ajiye musu. Ki duba cikin ya zama shafe ne ba ɗinki ba, don mai ɗinki tana yoyo kuma datti na maƙalewa a ciki. Matsakaiciya za ki saya mai igiyar ratayawa, kuma kafin ranar asibiti ki gwada ta a gida, ki sa ƙanƙara ki rufe, bayan awa 4 ki buɗe ki gani, in ta narke duka ki mayar musu da kayansu.