Farashin wasannin bidiyo daga ƙasa zuwa ƙasa: inda nake saye da inda na daina leƙawa

Wasa ɗaya, kamfani ɗaya, amma mutumin Amurka ya ga dala 70, na Jamus ya ga yuro 80, wani kuma a wata ƙasar ya tarar da shi a rabin kuɗin. Duk wanda ya fara lura da haka, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ya koma inda ya fi araha. Ni ma haka na taɓa tunani, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Dalili na farko haraji ne. Farashin da ake rubutawa a Amurka babu harajin saye a cikinsa, sai an zo biya ake ɗorawa. A Turai kuwa an riga an cusa shi ciki, kashi 19 cikin ɗari a Jamus, 20 a Faransa, har 27 a Hungari. Brazil na cikin ƙasashen da suka fi shan wannan azaba a kan na'urori: lokacin da PlayStation 4 ya fito a 2013, an sa masa kuɗin ƙasar 3,999, alhali dala 399 yake a Amurka. Na biyu shi ne ƙarfin aljihu. Kwafin wasa na intanet ba ya cin kuɗin ƙira ko dako, don haka gara kamfani ya sayar da rahusa ga mai ƙaramin albashi da a ce mutumin ya je ya sauke na sata. Na uku canjin kuɗi. Da kuɗin Ajantina da na Turkiyya suka yi ta zubewa, farashin ƙasashen biyu ya koma kamar kyauta ga mai dala a hannu, 'yan waje suka yi musu caa da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Masu wasan Dead Cells sun ƙara farashi a ƙasashen a 2022 saboda wannan tururuwa, sannan a Nuwamban 2023 Valve, mai kasuwar wasannin kwamfuta ta Steam, ta daina karɓar kuɗin ƙasashen biyu, ta mayar da su kan dala. Wannan ne ke ci mini rai, domin waɗanda aka yi rahusar dominsu su ne suka kwana a ciki.

Yanzu ma'aunina guda ne: wasan da na biya yau, zai kai baɗi a hannuna? Da wannan ma'auni, Steam da asusun ƙasar da kake zaune da gaske shi ne zaɓina, ba na ɓoyewa. Valve na bai wa masu wasanni shawarar farashin kowane yanki, ko da yake su ke yanke hukunci, shi ya sa za ka ga ƙananan kamfanoni sun sassauta, manya kuma sun yi biris. Abin da ya fi ɗaure ni da Steam shi ne mayar da kuɗi: muddin ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga sama da awa 2 ba, kana iya mayar da wasa. Ga babban rangwame a ƙarshen Yuni da kuma Disamba, inda wasan da ya shekara biyu ko uku kan sauko zuwa rabi ko ƙasa da haka. Sa shi cikin jerin abin da kake so, saƙo zai iske ka ranar da ya sauka. Sau da yawa mai haƙurin wata shida ya fi mai tsallaka iyaka samun sauƙi. Ka dai sani dokar Steam ta hana ɓoye inda kake don neman farashin wani yanki, sauya ƙasa kuma sau ɗaya ne cikin wata uku, da katin bankin ƙasar.

A sauran kasuwannin kuwa, Epic na rabon wasa kyauta duk mako, a karɓa a yi gaba. GOG na ba ka wasan da babu makullin hana kwafa a kansa, sai dai sababbin manyan wasanni ba su cika zuwa can ba. A PlayStation ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu ita ce har abada, kuma ƙarin da za ka saya wa wasa dole ya dace da yankin faifan. Nintendo kuwa ta fito fili lokacin da ta fitar da na'urarta Switch 2 a 2025: mai harshen Japananci kaɗai yen 49,980, mai harsuna da yawa yen 69,980 a cikin Japan ɗin, don kada 'yan waje su kwashe mai arahar.

Sai kasuwar bayan fage, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Akwai shafukan da kowa ke iya baje lambobin buɗe wasa ya sayar. A irin wannan wuri na sayi wani wasa da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Lambar ta yi aiki, na buga mako uku, wata safiya na tarar an cire shi. Mai sayarwa ya ɓace, shafin ya ce tsakanina da shi ne. Daga baya na gane yadda abin ke tafiya: ɓarawo ya sayi lambobi da katin bankin sata, ya karyar da su da wuri, mai katin ya kai ƙara, banki ya janye kuɗin, kamfanin wasan ya soke lambobin. Ɓarawo ya tsira da kuɗinka, kamfani ya biya tarar banki, kai kuma ka tashi a tutar babu. Ba zargi ba ne kawai: a 2020 kasuwar G2A ta amince cewa an sayar da lambobin sata 198 na wasan Factorio a shafinta, ta biya masu wasan dala 39,600.

Ko lambar ba ta sata ba ce, tana iya zama ta wani yanki, ta ƙi buɗewa a ƙasarka. Haka katin kuɗin PlayStation ko na Nintendo, na wata ƙasa ba ya shiga asusun wata. Idan lamba kake so, nemi dillalan da ke karɓa kai tsaye daga kamfani, irin su Humble da Fanatical, kuma ka karanta sunayen ƙasashen da ke ƙarƙashin farashin tun kafin ka biya.

Mafi muni su ne masu sayar da asusu. Ba wasa suke ba ka ba, suna da kalmar sirri suke miƙo maka na asusun da suka buɗe a ƙasa mai araha, kuma sun sayar wa mutum biyar ko goma. Imel ɗin asali na hannunsu, ranar da suka ga dama sai su karɓe kayansu, da wasan da duk matakin da ka kai a cikinsa. Alamominsu ba sa ɓuya. Za su ce kada ka canza kalmar sirri, ko ka kashe intanet kafin ka buga, ko ka biya ta hanyar da ba a iya janye kuɗi. Wanda ya ce ka ba shi kalmar sirrin asusunka don ya sa maka wasan da kansa, wannan ba ciniki ya zo yi ba, asusun naka yake nema, da duk wasannin da ka tara a ciki da katin bankin da ka liƙa masa.