Waya ko Kwamfuta: Da Wanne Zan Yi?

Kullum sai an yi min wannan tambayar.

Wajen tura kuɗi ko sayen katin wuta, waya ta fi sauƙi da araha. Tana aljihunka, lambar da banki ke turowa ma a kanta take sauka. Amma in aka sace ta da layin a ciki, asusunka na cikin haɗari.

Cike fom ɗin fasfo kuwa, na fi son kwamfuta. Na ga yaron da ya kuskure harafi ɗaya a sunansa saboda ƙanƙantar allon waya, gyaran ya ci masa makonni. Matsalar kwamfuta ita ce wuta da tsada.

Ɗan kasuwa mai ciniki kullum, waya ta ishe shi. Mai dogon fom da ɗora takardu, ya nemi kwamfuta.