Gargaɗi game da mai tallar ƙananan lasifikoki a intanet: kuɗin ofis ya karɓa, siminti ya aiko

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma na daɗe ina jan ƙafa saboda kunyar abin da ya faru, amma na ga shiruna ba zai amfani kowa ba sai mutumin da ya cuce ni, wanda har zuwa jiya tallarsa tana nan a intanet da hotuna takwas ɗin da ya yaudare ni da su. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin na tura masa tun ban taɓa kayan da hannuna ba, sannan na cika masa kashi 30 da suka rage ranar da aka kawo kwalin. Kuɗin kuma ba nawa ba ne, na ofis ne, ni na sa hannu aka fitar da su.

Abin da muke nema ba wani babban abu ba ne. Muna da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ofis mai ba da wat 40 a kowane ɓangare, an rubuta a bayanta cewa lasifika mai om 8 take so (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta), sai aka ce in nemo ƙananan lasifikoki guda biyu irin waɗanda ake ɗorawa a kan kantar littattafai, domin a riƙa sauraron labarai da ɗan sauti ƙasa-ƙasa lokacin aiki, a kuma yi amfani da su idan ana taro ta bidiyo. An ɗora mini aikin ne saboda kowa a ofis ya san ni ne mai sha'awar kayan sauti, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo yanzu.

Ina so a fahimci cewa ban shiga wannan ciniki ido rufe ba, domin tuni wasu suka fara magana kamar na ga talla ne kawai na tura kuɗi. Mako uku na yi ina bincike. Na san bambancin lasifikar da ke da amfilifaya a cikinta, wadda ake jona ta da wuta kai tsaye, da wadda sai an haɗa ta da amfilifaya ta daban, kuma na san irin ta biyun muke buƙata tunda muna da tamu. Na san cewa lambar wat da ake rubutawa da sunan PMPO talla ce kawai, wadda ake dubawa ita ce ta RMS, mai nuna ainihin ƙarfin kayan. Na san cewa a ƙaramin ɗaki yawan wat bai kai muhimmancin saurin amsawar lasifika ba, wato yawan desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, da take fitarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1, kuma yawancin ƙananan lasifikoki suna tsakanin desibel 84 da 90 ne. Lasifika mai desibel 87 da wat ɗaya ko biyu ta ishi mutumin da ke zaune kusa da ita, kuma ko an ninka wat ɗin sau biyu desibel 3 kacal ake ƙarawa. Har tef na ɗauko na auna zurfin kantar da tazarar da ke tsakaninta da bango. Wanda ya yi duk wannan ba za a ce masa ya yi sakaci ba.

Abin da ya kama ni shi ne kiran wayar nan, kuma tun daga ranar da na buɗe akwatin nake ta maimaita shi a raina. A tallarsa akwai kaya iri biyu, manya masu faifan fitar da sauti mai inci 6 da rabi da ƙanana masu inci 5, duka ɗauke da sunan wani sanannen kamfani, ya ce daga wani ɗakin naɗar sauti da aka rufe ya saye su. Ni manyan na tambaya, waɗanda suka fi tsada. Sai ya ce mini, "Yallaɓai, kafin mu yi maganar kuɗi, amfilifayarka om nawa take ɗauka, kuma kantar da za ka ɗora su nisanta nawa da bango?" Na gaya masa. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Gaskiya ba zan sayar maka da manyan ba. Ramin fitar iskarsu a baya yake, idan ka manna su da bango kaurin sautin zai cika ɗakin ya dagule, ba za ku ji magana sosai ba, gobe ka zo kana zagina. Ka ɗauki ƙananan, su akwatinsu a rufe yake." Mutum ya hana ni sayen mai tsada, ya tura ni ga mai araha, kuma dalilin da ya bayar gaskiya ne, domin lasifikar da ke da rami a baya tana buƙatar a ba ta tazara daga bango, mai rufaffen akwati kuwa ta fi haƙuri da matsattsen wuri. Wane mai hankali ne zai ji wannan ya ce ɓarawo ne ke magana? A daidai wannan lokacin na saki jiki, kuma bayan mun ajiye waya da kamar minti goma na tura kashi 70.

A'a, na tsallake wani abu. Kafin in tura kuɗin ya aiko mini da bidiyo, ko kuma bidiyon ya zo tun daren da ya gabata, ina ganin daren ne, domin na tuna na kalle shi a gida. A bidiyon an ga lasifikokin a kan tebur ana kiɗa, ya rubuta sunana a takarda ya ajiye a gefensu kamar yadda na nema, ya juya bayan ɗaya ya nuna lambar da kamfani ke buga wa kowace lasifika. Ni na nemi a rubuta sunan, saboda na san ana satar hotunan wasu a yi talla da su. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, ba a taɓa gane ingancin lasifika ta bidiyon waya, tunda abin da kunne ke ji ƙaramar lasifikar wayar ce, kuma babu abin da ya tabbatar da cewa sautin daga akwatunan da ke kan teburin yake fitowa. Ɗaya kawai ya juya. Ta biyun bai juya ta ba.

A wannan kiran dai, ko a na biyu, ya yi ta ba ni tarihi kamar malami a aji. Ya ce irin wannan rufaffen akwati Edgar Villchur ne ya fito da shi a Amurka a 1954 da lasifikar AR-1, kuma daga nan ne aka fara samun ƙaramin akwati mai fitar da kaurin sauti wanda a da sai babban akwati ke iya fitarwa. Ya kawo maganar LS3/5a, ƙaramar lasifikar da BBC ta tsara a shekarun 1970 domin aiki a matsattsun wurare irin motocin watsa shirye-shirye. Na duba daga baya, duk gaskiya ya faɗa. Har dariya ya yi wa masu rubuta wat 1,000 na PMPO a jikin kwali, ya ce masu cutar jahilai ne. Mutumin da ya san duk wannan, ya san sarai abin da ya cusa a cikin akwatin da ya aiko mini, don haka kada wani ya ce mini wataƙila shi ma cutarsa aka yi.

Kwana 4 ya ce kayan za su yi a hanya, sai da suka yi kwana 19. A cikin kwanakin nan ya ce motar ta lalace, ya ce ɗan aikensa ba shi da lafiya, ya ce an riƙe kwalin sai an biya kuɗin inshora, na ƙi biya, ya ce ba komai shi zai biya daga aljihunsa saboda mutuncina, wannan ma ya ƙara kwantar mini da hankali. Kullum yana ɗaukar waya, kullum "Yallaɓai, ka yi haƙuri." A ofis kuwa kowace safiya sai an tambaye ni ina lasifika, ni kuma ina kare shi, ina cewa mutumin kirki ne, har na ba su labarin yadda ya hana ni sayen manyan. Da bakina na yi masa shaida a gaban abokan aikina, ba sau ɗaya ba.

Ranar da kwalin ya iso, wanda ya kawo shi ya ce ba zai sake shi ba sai an cika kuɗi. Na buɗe saman kwalin, na ga akwatuna biyu masu kyau, tambarin kamfani yana sheƙi, na ɗaga ɗaya na ji nauyi. Na riga na san nauyin da kamfanin ya rubuta wa irin wannan lasifika, sama da kilo 5 kowace, kuma na san nauyi alama ce ta katako mai kauri da babban maganaɗisu, don haka da na ji hannuna ya yi ƙasa sai na ce to, alhamdu lillahi. Na tura kashi 30. Kashi 70 da kashi 30, kuɗin ofis gaba ɗaya, bai bar ko kaɗan ba.

Da muka jona su aka kunna, kowa ya yi shiru. Muryar mai karanta labarai ta fito kamar daga cikin bokiti, babu siririn sauti ko kaɗan, kuma da na ɗan ƙara murya sai faifan ya fara karkarwa. Na zargi wayoyin, na canza su. Na zargi amfilifayar, na ce ta tsufa, har na kusa sa ofis ya sayi wata. Bayan kwana biyu, ko uku, na ari mitar gwada wuta na ɗora a bayan akwatin. Lasifika mai om 8 idan aka gwada ta haka takan nuna wajen om 6, wannan kuwa 3 da ɗoriya ta nuna. A nan ne na ɗauko sukundireba na kwance gaban.

Abin da na gani shi ne wannan, kuma na ɗauki hoton komai. Ƙaramin faifan sama, wanda ya kamata ya fitar da siririn sauti, roba ce kawai aka manna, babu waya ko ɗaya a bayanta. Babu allon da ke raba sauti tsakanin babban faifai da ƙarami, wayoyi biyu ne sirara suka taso daga baya suka tafi kai tsaye ga babban faifan, wanda maganaɗisunsa bai fi murfin kwalba girma ba, an rubuta wat 10 da om 4 a jikinsa. Babu audugar da ake shimfiɗawa a ciki. A ƙasan akwatin kuma ga dunƙulen siminti an zuba ya daskare, shi ne nauyin da na ji a hannuna na yi hamdala. Da na juya bayansu duka biyun na haɗa, lambar kamfanin iri ɗaya ce, harafi da harafi, alhali kowace lasifika da tata lambar take fitowa. Shi ya sa bai juya ta biyun ba a bidiyo.

Na kira shi a take. Ya ɗauka, ya ce, "Yallaɓai, ka buɗe? Ai tunda ka kwance, babu sauran garanti." Ya ce wai ni na sauya kayan ciki domin in ɓata masa suna. Wannan shi ne mutumin da ya ce ba zai sayar mini da manyan ba don kada in zage shi. Washegari lambar ta daina shiga, ya toshe ni a duk inda muke magana, asusun da na tura kuɗin kuma sunan da ke kansa ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Na lura da hakan tun ranar kashi 70, na tambaye shi, ya ce asusun ƙaninsa ne, na yarda saboda minti goma kafin nan ya nuna mini shi ba mai kwaɗayi ba ne. Wani abokin aikina ya gaya mini daga baya cewa an daɗe ana irin wannan damfara a Amurka da Ingila, ana yawo da farar mota ana sayar da lasifikoki marasa inganci da sunan rarar kaya masu tsada ne, har an san wasu da ƙara musu nauyi. To, waɗancan a titi suke tare mutum su matsa masa ya saya nan take. Wannan bai matsa mini ba ko sau ɗaya, ni na riƙa bin sa.

Ga mai shirin saya: kada ka tura ko kashi 1 sai ka ji kayan da kunnenka a kan amfilifaya. Ka kusantar da kunne ga ƙaramin faifan sama ka ji ko yana aiki, ka haɗa lambobin baya guda biyu, ka gwada da mita, kuma kada nauyi ya ruɗe ka. Idan sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ka tsaya nan.

Na kai ƙara banki, na kai rahoto ga masu shafin da yake talla, har yau ina jira. Na gaya wa shugaban ofis cewa a riƙa cire kuɗin daga albashina har su cika, ya ce a bari tukuna, amma ni ba zan iya zama a ɗakin nan ana kallona da kuɗin jama'a a wuyana ba. Akwatunan suna nan a ƙarƙashin teburina, simintin yana ciki, ban taɓa shi ba saboda shaida ce. Da daddare zan ɗora hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit biyu, na kashi 70 da na kashi 30, da bidiyon da ya rubuta sunana, da hoton cikin akwatin, bayan na rufe lambobin asusun ofis. Duk wanda ya ga tallar ƙananan lasifikoki da aka ce daga rufaffen ɗakin naɗar sauti suka fito, mai hotuna takwas a kan tebur mai ruwan ƙasa, ya duba hotunan nawa kafin ya kira lambar.