Azbin ko Tenere, wanne ya fi a jihar Agadas?

In ka samu damar zuwa jihar Agadas a Nijar, ni dai Azbin zan ce ka fara gani. Duwatsu ne manya, dutsen Bagzan ma tsayinsa ya haura mita 2,000, ga lambunan Timiya inda Buzaye ke noma lemu da rumman da dabino a tsakiyar sahara wallahi abin sha'awa, ga zanen raƙuman dawa na Dabous a jikin dutse tun dubban shekaru. Tenere kuwa yashi ne zalla iya ganinka, ta nan ayarin raƙuma ke bi zuwa Bilma ɗauko gishiri, ba a shiga sai da ɗan jagora. Shahararriyar bishiyar da a da take tsaye ita kaɗai tilo a can ma mota ta buge ta a 1973, yanzu tana gidan tarihi na Yamai.