Hasken Eksire ko Niyutron: Wanne Za a Haska wa Robar da Aka Cuɗa da Silika?

Ɗan'uwa, ka ce kana da roba da aka cuɗa da ƙwayoyin silika (sinadarin da ke cikin yashi) 'yan ƙanana, kana tambayar wanne ya fi maka tsakanin SAXS da SANS, wato hanyoyi biyu na binciken tsarin cikin abu, na farko da hasken eksire, na biyu da niyutron (ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cibiyar atam). Kafin ka zaɓa, ka tambayi kanka: ƙwayoyin kake son gani, ko zaren robar, wato dogayen sarƙoƙin atam da suka haɗu suka zama roba, da ya nannaɗe su?

Salon aikinsu ɗaya ne. Ana harba haske a kan samfurin, a auna yadda ya watse a 'yar ƙaramar kusurwa, daga nan a gano girma da tsarin abubuwan da ba su wuce nanomita 1 zuwa 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Inda suka rabu shi ne abin da kowanne ke iya gani.

SAXS da hasken eksire yake aiki, shi kuwa eksire ilektron yake gani, wato ƙwayoyin da ke kewaye da cibiyar atam. Silika ta fi roba cunkoson ilektron nesa ba kusa ba, saboda haka sai ta fito fili ƙarara. Idan damuwarka ita ce ko ƙwayoyin sun bazu ko sun dunƙule wuri ɗaya kamar gudaji, SAXS ya ishe ka. Akwai injinansa a ɗakunan gwaji da dama, a manyan cibiyoyi irin ESRF da ke Girenobul a Faransa kuwa, ana ɗaukar awo cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, har kana iya miƙe robar kana kallon yadda tsarin ke sauyawa. Sai dai hasken can yana da ƙarfi, yana iya lalata samfurin in an daɗe.

SANS ne ya fi burge ni. Niyutron ba ruwansa da ilektron, cibiyar atam yake taɓawa, kuma yana bambance haidirojin da ɗan'uwansa mai nauyi, ditiriyom, bambanci mai yawa. To a nan dabarar take. Sai ka haɗa zaren polima (wato zaren robar) na gama-gari da wanda aka sauya masa haidirojin da ditiriyom, ka daidaita gaurayen har ya yi daidai da silikar a idon niyutron. Silikar sai ta ɓace, kamar gilashin da aka tsoma a man da ya dace da shi, ya rage zaren kaɗai kake aunawa. Da irin wannan dabarar ce aka tabbatar a farkon shekarun 1970 cewa zaren polima a narke yana kanannaɗewa ne ba tsari, kamar yadda masanin sinadarai Paul Flory ya hango. Ko zaren yana kumbura ko yana nan yadda yake idan ƙwayoyi suka shigo, an daɗe ana saɓani a kai, kuma SANS ne ma'aunin.

Amma fa da wahala. Polima mai ditiriyom tsada gare ta, niyutron kuwa sai a wurare ƙalilan irin su cibiyar bincike ta ILL a Girenobul ko cibiyar bincike ta ISIS a Ingila, inda za ka rubuta buƙata ka jira watanni. Haidirojin da ya yi yawa a samfur kuma yana jawo hayaniyar da ke rufe sakamako.

Ni dai shawarata, ka fara da SAXS, ka haɗa da hoton madubin ilektron (na'urar ganin ƙananan abubuwa), domin SAXS da SANS dukansu ba hoto suke ba ka ba, layin awo ne da sai ka fassara shi. In ka san yadda silikarka ta zauna, tambayar zaren kuma ta ci gaba da damunka, sannan ka nemi niyutron.