Aikin sa kai a gonar tsaunin Garhwal: noman ya gamsar da ni, yogar kuwa sai da na tsince

Tsarin WWOOF, wato shirin aikin sa kai a gonakin da ba sa amfani da sinadari, ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Kai ka ba manomi ƙarfinka na awa huɗu zuwa shida a rana, shi ya ba ka makwanci da abinci, ya kuma nuna maka yadda yake noma ba takin zamani ba maganin feshi. Ba albashi, kuɗin mota ma daga aljihunka. Wata sakatariya a Landan, Sue Coppard, ita ta fara shi a 1971 don 'yan birni su riƙa leƙa ƙauye a ƙarshen mako, yau ga shi ya bazu ƙasashe da dama, kowace da reshenta da kuɗin rajistarta na shekara. Ni reshen Indiya na shiga, da yake a birnin Dehradun da ke arewacin ƙasar nake karatun tattalin arzikin noma, kuma hutun watan Yuni ya zo ba ni da kuɗin jirgin zuwa gida. Gonar da na zaɓa tana cikin tsaunukan Tehri Garhwal a jihar Uttarakhand, sama da garin Rishikesh, kuma a tallarta an rubuta abu uku: noma ba sinadari, yoga kowace safiya, da rayuwa mai sauƙi. A kan ukun nan zan auna ta.

Zuwa ba wuya. Daga Rishikesh akwai motocin Bolero na haya da ake cunkusa mutane ciki, su yi ta nannaɗe tsauni har kan mutum ya fara juyawa, sannan a sauke ka bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Abu biyu kawai za ka kiyaye. Dokar Indiya ta ce duk wanda ya sauki baƙo ɗan ƙasar waje sai ya cike masa fom ɗin da ake kira Form C cikin awa 24, don haka tambayi mai gonar tun kafin ka taso ko yana yi, ka kuma sanar da ofishin ɗaliban waje na makarantarka. Na biyu, kada tafiyarka ta faɗa cikin Kanwar Yatra, ziyarar da miliyoyin mabiya addinin Hindu ke yi wajen watan Yuli don ɗibar ruwan kogin Ganga. Hanyar Haridwar, garin da ke bakin kogin ƙasa da Rishikesh, toshewa take yi ɗungurungum.

Gidan na dutse ne da laka, rufinsa falalen dutse, shanu a ƙasa mutane a bene. Mai gonar ya yi aikin ofis a Delhi shekaru kafin ya dawo gida, shi ke jin Turanci, shi ke amsa saƙonni. Amma gonar a hannun mahaifiyarsa take. Kowa Mataji yake ce mata, wato Inna, ita kuma ta ce mana beta, wato ɗana, kuma haka abin yake a duk yankin: maza sun gangara birane neman kuɗi, mata ke noma, su ke hawa daji yanko ciyawa, su ɗauko a ka.

Noman shi ne abin da ya biya ni wahalata. Gonakin hawa-hawa ne a jikin tsauni, wasu faɗinsu bai fi taku goma ba, tarakta ba ta da wurin shiga, sai garmar shanu da 'yar ƙaramar fartanyar hannu da suke kira khurpi. Suna da tsohon tsarin shuka da ake kira baranaja, inda ake haɗa iri kusan goma sha biyu a gona ɗaya. Ginshiƙinsa mandua, wato tamba tamu da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, sai alayyafo mai dogon kai da ake bari ya yi 'ya'ya don hatsinsa, sai wake iri-iri, da riɗi, da sauransu. Waken ya hau jikin alayyafo ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, in ruwa ya yi yawa wani iri ya tsira, in ya yi ƙaranci wani ya tsira. Ranar da aka fara yi mana bayani, wata Bajamushiya tana ta rubutu a littafinta, ni kuwa ina tuna gonar kakana a Malumfashi da gero da dawa da wake a kunya ɗaya. Bambancin shi ne a nan akwai waɗanda suka tsaya suka kare abin da gangan. Tun shekarun 1980 wani manomi a wannan gunduma, Vijay Jardhari na ƙauyen Jardhargaon, da abokansa suka kafa gwagwarmayar ceton iri, Beej Bachao Andolan, lokacin da ake matsa wa manoma su koma waken suya da irin kamfani. Suka bi ƙauye-ƙauye suna tattara tsofaffin irin shinkafa da wake. Mataji na ajiye nata irin a cikin ƙwarya da kwandon da aka shafe da laka, ta gauraya da toka da busasshen ganye, kuma ba ta yarda wani ɗan sa kai ya sa hannu ciki.

Abin da na koya wanda ban sani ba shi ne jiwamrit, ruwan takin da wani masanin noma ɗan Maharashtra, Subhash Palekar, ya yaɗa. Ana zuba ruwa lita 200 a duro, a sa ɗanyen kashin saniya kilo 10, fitsarinta lita 5 zuwa 10, mazarƙwaila kilo 2, garin wake kilo 2, da ƙasa cikin tafin hannu daga gefen gona inda ba a taɓa feshi ba. A rufe da buhu a inuwa, a riƙa juyawa safe da yamma, bayan kwana biyu zuwa uku ya tashi, wannan ya isa eka ɗaya. Ba wai takin da ke ciki ne ke ciyar da shuka ba, don kilo goma a eka ba komai ba ne. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye ake hayayyafarwa a zuba wa ƙasa, shi ya sa sai an haɗa da shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka. A matsayina na ɗalibi ina da shakka kan cewa zai iya maye gurbin taki a babbar gonar masara, amma a fadama ko lambun bayan gida ya cancanci gwaji, kuma duk kayansa muna da su. Juya duron ne aikin da Turawan ke gudu saboda wari, sai ya faɗo kaina. Ni ban damu ba, a mazhabarmu ta Malikiyya kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, sabulu kawai nake nema kafin alwala. Maganin ƙwarinsu kuwa ganyen darbejiya ne da ake jiƙawa da fitsarin saniya. Itacen da muke zama a inuwarsa a kowace ƙofar gida asalinsa daga nan nahiyar aka kai mana shi, mu muka tsaya ga inuwa da maganin zazzaɓi.

Sai gadin biri. Ba a rubuta shi a talla ba, amma shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Birai da aladun daji sun addabi manoman tsaunin, kuma mutane ba sa son kashe biri saboda darajarsa a addininsu. Sai a ba ka gwangwani da sanda ka zauna a saman gona tun hantsi kana bugawa. Birin ya san wanda ke gyangyaɗi.

Yanzu yoga. Rishikesh ake kira hedikwatar yoga ta duniya, kuma ranar 21 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga tun ƙarshen 2014, ta same ni a gonar. Amma malamin da aka yi alkawari ba wani dattijon masani ba ne. Wani saurayi ne ɗan sa kai irinmu, da ya yi kwas ɗin nan na awa 200 da makarantun Rishikesh ke sayarwa cikin wata guda. Ya iya abin da ya iya, sai dai wanda zai zo don yoga kaɗai gara ya tsaya cikin gari ya biya malami. Kafin in zo na riga na karanta cewa majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, ta Indonesiya kuma a 2009 ta bambance: mai ɗauke da waƙoƙin bauta da addu'o'in Hindu haramun ne, wanda motsa jiki ne zalla ba laifi. Da wannan bambancin na yi aiki. Tun daren farko na ce wa malamin: "Bhai, ni Musulmi ne. Zan yi miƙe jiki da numfashi, amma ba zan furta kalmar ibadar nan ta Om ba, ba zan yi gaisuwar rana ba." Ya ce ba komai, kuma bai sake tayar da maganar ba. Idan suka fuskanci gabas suna jerin motsin nan goma sha biyu na Surya Namaskar, wato gaisuwar ranar, sai in zauna gefe, in an koma sauran in shiga. Wani na iya ganin ko zaman ma bai kamata ba, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya sayi tikiti.

Abin da na tsinta ya yi amfani. Noma da khurpi a tsugune yake, bayan awa uku ƙugu sai ya riƙe. Miƙe bayan cinya, da murɗa gadon baya a kwance, da numfashin da ake toshe hanci ɗaya a ja ta ɗayan, su suka sa nake tashi da safe ba ɗingishi. Salla kuwa ba wanda ya tsangwame ni. Mataji da kanta ta nuna min lungun bene mai tsabta da ta ga ina neman wuri da asuba. Juma'a ce babu, don ba masallaci a kusa.

Abinci ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Gurasar tamba da man shanu, miyar wake, shinkafa, tsala mai gishiri, shayi da madara. Akwai miyar wani ganye mai ƙaiƙayi da suke kira kandali, wanda in ya taɓa fatarka ɗanye sai ka yi tsalle, amma dafaffe yana da daɗi. Ba matsalar halal tun da ba yanka. Na ƙoshi kullum, amma dare bai taɓa yi ban yi tunanin tsire ba. Kada ka ce za ka ɓoye kilishi a jaka, cin amanar masu gida ne.

Inda gonar ta gaza shi ne wajen cika alkawari. An ce awa biyar, da dashen shinkafa ya kama sai muka koma daga safe har la'asar, ba wanda ya ce sannu balle a rama mana da hutu. Aka kuma zo da zancen gudummawar kuɗin abinci ta kowace rana, wadda ba ta cikin abin da muka yi magana a kai. Na nuna wa mai gonar saƙonninmu a waya, ya janye, amma wasu sun biya don kunya. Kuma na lura in baƙi suka zo ko za a ɗauki hoton talla, fararen fata ake turawa gaba. Ruwan sama na farko ya kawo matsattsaku da zaftarewar ƙasa, wuta ta ɗauke, waya ba sabis sai ka hau wani dutse bayan garke.

Batun rayuwa mai sauƙi shi ne ya fi ba ni dariya, ya kuma fi sa ni tunani. Wanka da bokiti, girki da itace, wanki da hannu, kwanciya bayan isha'i: abokan aikina daga Turai suna kiran wannan waraka, ɗaya har da hawaye ranar da ta tatsi saniya. Ban raina su ba, mutanen kirki ne kuma sun yi aiki tsakani da Allah. Amma su suna da tikitin komawa. Jikar Mataji, wadda ke ɗauko ruwa kafin ta tafi makaranta, burinta ta ci jarabawa ta tafi Dehradun, kuma ƙauyen cike yake da gidajen da aka garƙame da kwaɗo. Bahaushen da ya tashi a ƙauye ba zai ga sabon abu a wannan ɓangaren ba.

In kana karatu a Indiya, kana da sha'awar noma, ga hutu ba kuɗin gida, to je ka, amma sa mai gonar ya rubuta maka awannin aiki, ranar hutu, da ko akwai wani kuɗi, ka adana saƙon. Tafi da takalmin roba, tocila da gishirin cire matsattsaku. Wanda zai taso takanas daga Kano ya biya jirgi da biza don wannan, ban ba shi shawara ba. Ni dai in zan koma watan Oktoba zan zaɓa, lokacin girbin tamba, ruwa ya ɗauke, hanya ta buɗe.